Labari Ɗaya, Baki Uku: Darasin Auna Rubutu da Rubutu a Ajin Sakandare

An dawo daga tara ke nan, wajen ƙarfe goma da rabi na safiyar wata Talata, malamin tarihi ya shigo ajin SS2 ba littafi a hannunsa, sai damin takardu da ya buga da kuɗin aljihunsa. Makarantar 'yan mata ce ta gwamnati a bayan badalar Kano. Ɗaliban sun haura saba'in, benci ɗaya mutum huɗu, wasu kuma a kan tabarma a gaban allo. Sun riga sun buɗe littattafan rubutu suna jiran abin da suka saba, wato malam ya cika allo su kwafa.

Bai cika allon ba. Layi ɗaya ya rubuta: Me ya faru a ƙasar nan a 1903? Sai ya kasa su rukuni-rukuni, kowane rukuni ya miƙa masa takarda uku. Ta farko taƙaitaccen bayani ce daga rahoton da Lugga, shugaban Turawan mulkin mallaka a Arewa, ya aika Landan. Ta biyu ta ƙunshi hujjojin da Wazirin Sakkwato Muhammadu Buhari ya kawo a risalarsa. Ta uku kuwa abin da wata tsohuwa, Baba ta Karo, ta tuna ne game da zuwan Turawa.

Ajin ya yi tsit na ɗan lokaci, ba ka jin komai sai ƙarar takarda. Can wata yarinya daga benci na biyu ta ɗaga hannu.

"Malam, ai ba su zo ɗaya ba. Wanne ne daidai, mu haddace?"

Malam ya yi murmushi, ya ce, "Yauwa. Wannan tambayar taki ita ce darasinmu na yau, kuma ke za ki amsa ta."

Tambayar yarinyar ba ta wauta ba ce. Shekara goma sha ɗaya ta yi a makaranta ana nuna mata cewa kowace tambaya tana da amsa guda, amsar kuma tana kwance a cikin littafi guda. Ba a taɓa ɗora mata takardu biyu da suka saɓa wa juna aka ce ta raba gardama ba.

Rubutu ɗaya, tambaya goma

Duk wanda ya zauna jarrabawar WAEC ko NECO ya san tsarin auna fahimta. Za a ba ka rubutu guda ka karanta, a jero maka tambayoyi a ƙasansa, kuma amsar kowace tana cikin rubutun. A sashen taƙaitawa ma haka ne: rubutu guda, ka matse shi cikin 'yan jimloli. Wannan ƙwarewa ce mai amfani, ba mai musun haka. Sai dai tana tafe da wani darasi da ba a faɗa da baki: abin da aka buga a takarda ba a tuhumarsa. Ba a tambayar ɗalibi wa ya rubuta, ko me ya sa ya rubuta, ko me ya tsallake. Malamai kuwa abin da jarrabawa ke nema shi suke koyarwa, don da shi ake auna su su ma.

Rayuwa ba ta miƙo wa mutum rubutu ɗaya. Yarinyar da ta tambayi malam tana komawa gida za ta tarar da labari guda a baki biyar: rediyo ya faɗi nasa, Facebook ya faɗi nasa, ga saƙon murya a WhatsApp da gwaggonta ta turo, ga abin da yayanta ya jiyo a majalisa. A nan take buƙatar ma'auni, kuma nan ne makaranta ta bar ta da hannu biyu.

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. A 2018 ƙungiyar OECD ta gudanar da jarrabawarta ta PISA ga 'yan shekara 15 a ƙasashe da yankuna 79, kuma a wannan karon ta sa tambayoyin da sai ɗalibi ya haɗa rubutu biyu ko uku kafin ya amsa. Ɗaya daga cikinsu a kan tsibirin Rapa Nui ne da dalilin ɓacewar itatuwansa: wani rubutu ya ɗora laifin a kan mutanen tsibirin, wani kuma ya ɗora shi a kan ɓeraye masu cinye irin itatuwan. Sakamakon ya nuna cewa a ƙasashen ƙungiyar, waɗanda galibinsu masu arziki ne, ɗaliban da suka kai matakin rarrabe tabbataccen bayani da ra'ayin marubuci a rubutu mai sarƙaƙiya ba su kai ɗaya cikin goma ba. Nijeriya da Nijar ba sa cikin wannan jarrabawa, amma darasin ya shafe mu.

Abin da masana suke fara dubawa

Wani malamin jami'a Ba'amurke, Sam Wineburg, ya yi wani gwaji da ya wallafa a 1991 wanda har yau masu horar da malamai suke komawa gare shi. Ya tara masana tarihi takwas da haziƙan ɗaliban sakandare takwas, ya ba su takardu iri ɗaya a kan arangamar da aka yi a garin Lexington ranar 19 ga Afrilun 1775, wadda ta buɗe yaƙin neman 'yancin Amurka daga Ingila. Har yanzu ana gardamar ɓangaren da ya fara harbi. Cikin takardun akwai shaidar mutanen garin, da abin da wani hafsan Ingila ya rubuta a littafin ajiyarsa, da wani yanki daga littafin makaranta.

Ɗaliban sun karanta daga sama zuwa ƙasa kamar yadda aka koya musu, kuma da yawansu littafin makarantar suka fi amincewa da shi, saboda a ganinsu shi ne ba ya goyon bayan kowa. Masanan kuwa kafin su karanta komai sai idonsu ya sauka ƙasan takarda, inda aka rubuta sunan marubuci da kwanan wata. Daga nan su ɗauki wannan su kara da waccan, su ga inda suka haɗu da inda suka rabu, sannan su tambayi kansu halin da ake ciki a ranar da aka yi rubutun. Littafin makarantar nan kuwa a ƙasan jeri suka ajiye shi, don ya yanke hukunci a kan abin da shaidun ba su tabbatar ba. Abin lura shi ne, wasu daga cikin ɗaliban sun fi wasu masanan sanin sunaye da ranakun wannan yaƙi, tunda ba duka masanan ne fanninsu ke nan ba. Bambancin ba a yawan sani yake ba, a salon karatu yake.

Daga baya Wineburg da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford sun maimaita irin wannan gwaji a kan shafukan intanet. Sun gano cewa ƙwararrun masu tantance labarai ba sa ɓata lokaci a kan shafin da ba su sani ba. Nan take suke barinsa su buɗe wasu shafukan su ga me ake faɗi game da masu shi, sannan su dawo. Ɗaliban jami'a kuwa sai su zauna a shafin, kyawun tambari da tsarin rubutu su ruɗe su.

Takardu uku a kan benci ɗaya

A ajin namu, malam ya rubuta tambayoyi huɗu a gefen allo: Wa ya faɗa? Yaushe? Wa yake gaya wa? Me ya faɗa wanda sauran ba su faɗa ba? Ya sa kowane rukuni ya ja layi uku a takarda, kowane mai magana da gidansa.

Da farko ya sa suka tsamo abin da ba gardama a kansa. Sojojin Turawa ƙarƙashin Kanar Morland sun taso daga Zariya, sun yi faɗa a Bebeji, suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903, lokacin Sarki Alu yana kan tafiyarsa ta Sakkwato. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas da ɗimbin jama'a, aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli. Wannan shi ne ƙashin labarin. Gardamar tana wajen naman da kowa ya ɗora a kai.

A wurin Lugga, yaƙin tilas ne: ya yi maganar hare-haren kamun bayi, da kisan Kyaftin Moloney da Magajin Keffi ya yi a 1902 sannan ya gudu Kano aka karɓe shi hannu bibbiyu, da kuma wata wasiƙa da ya ce Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda Attahiru ya gada, ya aiko masa mai nuna ba sauran sulhu. A wurin Waziri Buhari, musiba ce ta auka wa Musulmi, kuma abin da yake son warwarewa shi ne ko ya halatta a zauna ƙarƙashin Nasara maimakon hijira, matuƙar ba su hana salla da sauran shika-shikan addini ba. Baba kuwa ba ta yi maganar wasiƙa ko fatawa ba. Abin da ta tuna shi ne tsoron mahara da yadda ake kame mutane a kai su kasuwa, da yadda a ganinta talakawa irin danginta ba su ƙi zuwan Turawan ba kamar yadda masu sarauta suka ƙi.

Rukunin da ke bakin taga su suka fara cafko wani abu. Mai magana da yawunsu ta miƙe ta ce, "Malam, shi Lugga iyayen gidansa yake rubuta wa. In ni ce na tafi yaƙi ban gama neman izini ba, ai dole in nuna musu ba ni da laifi." Malam ya gyaɗa kai, ya ƙara musu da cewa lallai ma'aikatar mulkin mallaka a Landan ba ta ji daɗin yadda aka tunkari Kano ba tare da an sanar da ita da wuri ba. Ya kuma gaya musu cewa wani tsohon jami'in mulkin mallaka, D.J.M. Muffett, a littafin da ya fitar a 1964, ya yi shakkar wasiƙar nan ta Abdurrahman, don fassararta ta Turanci ce ta yaɗu, ba asalinta na Larabci ba.

Wani rukunin ya lura cewa shi ma Waziri kare kansa yake yi, a gaban malamai 'yan'uwansa waɗanda ka iya cewa ya miƙa wuya alhali Sarkin Musulmi ya zaɓi hijira. Ajin ya fara karkata ga Baba, tunda ita ba ta da sarauta ba ta da albashi. Sai wata 'yar siririya daga kan tabarma, wadda tun da aka fara ba ta ce uffan ba, ta ɗago takardar ta nuna ƙasanta.

"Malam, an ce a 1949 zuwa 1950 ta ba da labarin. Kusan shekara hamsin ke nan bayan abin. Kuma Baturiya take gaya wa, lokacin Turawa na mulki. Ko kakata ma, yadda take ba baƙo labari daban, yadda take ba mu daban."

Ajin ya ɗauki dariya, amma malam bai yi ba. Ya tako har inda take ya ce, "Maimaita, su ji." Gaskiya ne, Mary Smith, matar masanin halayyar al'umma M.G. Smith, ita ta rubuta labarin Baba daga bakinta, littafin ya fito a 1954. Wannan bai mayar da Baba maƙaryaciya ba. Ya dai nuna cewa ita ma daga wata kusurwa take hangen abin, kamar sauran biyun. Yarinyar ta yi daidai abin da masanan nan takwas suka yi, ba tare da ta taɓa jin sunansu ba.

Ba baƙon ilimi ba ne

Da muka zauna da malamin a ƙarƙashin darbejiya bayan an tashi, ya ce mini abin da ya fi ba shi mamaki shi ne yadda wasu abokan aikinsa suke kallon wannan salo a matsayin sabon yayi daga Turai. Shi kuwa a Islamiyya ya fara ganinsa. Duk yaron da ya taɓa ilimin musɗalahul hadisi ya san ba a karɓar matani sai an duba isnadi: wa ya ji daga wa, shin sun ma yi zamani ɗaya, mai ruwayar an san shi da gaskiya da kiyayewa? Malaman hadisi sukan tattaro duk hanyoyin da magana ta zo ta kansu su jera su. Har suna da suna na musamman, shazzi, ga ruwayar amintaccen mutum idan ta saɓa wa ta waɗanda suka fi shi aminci ko yawa. Suratul Hujurati ma ta yi umarni da bin diddigin labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cuci wasu cikin jahilci.

Ko a wajen makaranta haka muke. Alƙali ba ya yanke hukunci da jin bakin mai ƙara kaɗai. Matar da ta shiga Kantin Kwari sayen atamfa ba ta biya a shagon farko, sai ta taya a uku ko huɗu, ta murza ƙyallen, ta duba bakinsa. Abin mamakin shi ne yadda mutumin da ba a iya cutarsa a kan turmin atamfa yake haɗiye labari sukutum don kawai ya gan shi a rubuce.

Mun kuwa ga kuɗin da hakan ke ci. A farkon watan Agustan 2014, makonni kaɗan bayan cutar Ebola ta shigo Legas, aka tashi mutane da asuba ta waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Ni kaina kiran innata ne ya tashe ni, tana roƙona in yi wa Allah in tashi yara. Gidajen masu digiri da na waɗanda ba su taɓa shiga aji ba duk an dafa ruwa. An ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu, wasu da dama aka kwantar a asibiti. Ita cutar kanta mutum takwas ta kashe a faɗin ƙasar kafin a sanar da kawar da ita ranar 20 ga Oktoba, kuma ba ta tsallako Arewa ba. Tambaya ɗaya ce ta isa ta kashe wutar nan a daren: wane likita ne ya faɗa, kuma me ma'aikatar lafiya ta ce?

Ba tarihi kaɗai ba

Malamin labarin ƙasa ma yana da abin da zai ɗora a benci. Ɗauki Tafkin Chadi. Rubuce-rubuce da yawa suna maimaita cewa tafkin ya ƙafe da kashi 90 cikin ɗari, daga faɗin murabba'in kilomita kusan 25,000 a shekarun 1960. Wasu masu bincike da suka yi aiki da hotunan tauraron ɗan'adam kuwa, a wani nazari da ya fito a 2020, sun ce babban ja da bayan ya faru ne a farin shekarun 1970 da 1980, kuma a shekaru ashirin da suka gabaci nazarin tafkin bai ci gaba da ƙanƙancewa ba. Ɗalibin da aka ba rubutun nan biyu zai fara da cewa ɗaya ƙarya yake. In aka matsa masa da tambaya zai gano cewa wace shekara aka fara ƙirge, da wane wata aka auna, da ko an lissafa ruwan da ke ƙarƙashin ciyayi, duk suna sauya adadin. Ta nan zai koyi cewa lamba ma tana da isnadi.

Malamin Hausa ya fi kowa sauƙin samun kayan aiki. Tun daga Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, da Sashen Hausa na BBC da ya fara a 1957, har zuwa Aminiya da DW da RFI da gidajen rediyon jihohi, kusan ba wani babban labari da ba za a same shi a baki uku da Hausa ba. Malam na iya raba aji uku, kowane kashi ya saurari tasha guda da daddare, su zo da safe da amsa: da wane labari aka buɗe, wa aka ji muryarsa, wa ba a nema ba, wace kalma aka zaɓa. Wanda wata tasha ta kira ɗan bindiga, wata ta ce ɓarawon daji, wata ta ce ɗan ta'adda. Kowace kalma da inda take jan mai sauraro. Wannan aikin gida ba ya cin ko kwabo.

Inda gizo ke saƙar

Ba a rasa cikas. Aji mai mutum saba'in da mintoci arba'in ba ya ba kowa damar magana. Takarda kuɗi ce, shi ya sa malaminmu ya buga kwafi goma sha biyu kacal na kowace, yana karɓe su bayan darasi don wani ajin. Ga matsalar harshe: yaron da ke fama da jimla ɗaya ta Turanci ba zai iya auna sakin layi uku ba. Dabarar malamin ita ce ya sauƙaƙa rubutun, ya gajarta kowanne zuwa rabin shafi, ya bar su su yi muhawara da Hausa, sannan su rubuta sakamakon da Turanci. Shi kansa darasin tarihi ya sha wuya, don shekaru da dama ba ya cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare a matsayin darasi mai zaman kansa kafin a dawo da shi, abin da ya sa masu koyar da shi suka yi ƙaranci.

Akwai kuma fargabar iyaye. A gidajenmu an tarbiyyantar da yaro kada ya ja da na gaba, wasu kuma suna ganin yaron da ya koyi tuhumar littafi gobe zai tuhumi mahaifinsa. Malamin ya ce shi yakan bambance wa ɗalibansa tsakanin neman hujja da rashin kunya. Almajirin da ya ce wa malaminsa, "Allah gafarta Malam, a wane littafi aka kawo wannan?" ba raini ya yi ba, neman ilimi ya yi.

Haɗarin da ya fi damunsa wani ne daban. Yaro na iya fita daga irin wannan darasi da tunanin cewa tunda kowa da manufarsa, kowa ma ƙarya yake, ba abin yarda a duniya. Wannan ma wata makanta ce, mai ita kuma ya fi sauƙin faɗawa hannun duk wanda ya ce masa ana ɓoye masa gaskiya. Don haka malam ba ya bari a tashi sai kowane rukuni ya rubuta abu uku: abin da muka tabbatar, abin da muke rinjayarwa da dalilinmu, da abin da sai mun ƙara nema. Cewa an ci Kano ranar 3 ga Fabrairu ba ra'ayi ba ne. Cewa kowa ya yi murna, ko kowa ya yi baƙin ciki, wannan kam sai an kawo shaida.

Saura minti biyar a buga ƙararrawa, malam ya koma ga yarinyar benci na biyu.

"To, wanne za ki haddace?"

Ta dubi layukan nan uku da ta cika da rubutu, ta ɗan yi shiru. Ta ce, "Malam, ko ɗaya. Amma akwai wanda babu a nan. Su bayin da ake ta magana a kansu, Lugga ya ambace su, Baba ta ambace su, su me suka ce? Da sojojin da suka yi harbin, ai an ce da yawansu Hausawa ne."

Malam bai ba ta amsa ba. Ya ɗauki alli, ya ja layi na huɗu a allo, ya bar shi fayau, ya ce kada mai shara ta goge shi sai mako mai zuwa.